Amsoshin Tambayoyinku: Masu Neman Zinare a Ƙasar Ƙanƙara

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau jakar tamu ta cika ta batse, kuma fiye da rabin takardun a kan abu ɗaya suke, wato rububin neman zinare da aka yi a yankin Klondike, can ƙuryar arewacin duniya, wanda muka ɗan taɓo a shirin da ya gabata. Wanda duk bai ji tasa ba ya yi haƙuri. Malaminmu na tarihi yana nan tare da ni, likitanmu kuma yana kan waya. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai Hajiya. Na ga yau an sako 'yan kunnen gwal, an dace da shiri.

Mai gabatarwa: Ruwan gwal ne kawai Malam, kada ka jawo mini masu neman rance. Bari mu fara da gajerun. Wani mai sauraronmu daga Gusau ya ce, shin Klondike ɗin nan a Amurka take ko a Kanada? Sun yi musu da abokinsa har an sa kuɗin shayi.

Malam: Kanada ce, a yankin Yukon. Sunan wani kogi ne da ke dab da iyakar Alaska. Alaska ɗin ce ta Amurka, ta saye ta daga Rasha a 1867 a kan dala miliyan 7.2. Abin da ke rikita mutane shi ne akasarin waɗanda suka je daga Amurka suka taso, kuma ta gaɓar Alaska suka bi.

Mai gabatarwa: To, wanda ya ce Kanada shi zai sha shayi. Sai wata baiwar Allah daga Damagaram, ta ce wane ne ya fara ganin zinaren?

Malam: Ranar 16 ga Agusta 1896 ne, a wani ƙaramin rafi da daga baya aka sa wa suna Bonanza. Akwai wani Ba'amurke George Carmack, da matarsa Kate 'yar ƙabilar Tagish, da ɗan'uwanta Skookum Jim, da wani ɗan'uwansu Dawson Charlie. Masana da dama sun fi karkata ga cewa Jim ne ya gani, amma da sunan Carmack aka rubuta babban filin, don ana tsoron hukuma ba za ta karɓa daga hannun ɗan asalin ƙasar ba.

Mai gabatarwa: Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. Shi kuma Carmack ɗin, in ban manta ba, da ya yi kuɗi sai ya rabu da Kate ya auri wata.

Malam: Haka aka yi.

Mai gabatarwa: Mata, kun dai ji. Takarda ta gaba daga Zangon Kumasi take. Bawan Allah, tambaya bakwai a takarda ɗaya, ga rubutu ƙanana sai da na ari tabarau. Filin nan na kowa ne, ɗaya za mu ɗauka. Ya ce wai da gaske ne kakan Donald Trump ya je wannan wuri?

Malam: Gaskiya ne, Friedrich Trump. Sai dai ba haƙa ce ta kai shi ba. Gidan abinci da masauki ya buɗe a garin Bennett, a kan hanyar matafiya, daga baya ya koma Whitehorse.

Mai gabatarwa: A riƙe wannan, za mu dawo kansa. Yanzu ga babbar tambayar yau. Ta zo daga Agadas, ta zo daga Anka, da Birnin Gwari, da Maraɗi, da Garwa a Kamaru. Kowa da yadda ya tsara tasa, amma ma'anar ɗaya ce: wace irin wahala mutanen nan suka sha, me ya riƙa kashe su, kuma nawa ne suka samu abin da suka je nema? Malam, ga fili, amma a riƙa duba agogo.

Malam: To Hajiya, in ana son a fahimci wannan sai an koma 1893. A shekarar tattalin arzikin Amurka ya karye, bankuna suka rufe, masana'antu suka sallami ma'aikata. Har ma a lokacin ana ta gardama a ƙasar a kan ko da zinare kaɗai za a jingina dala ko a haɗa da azurfa, kuma wannan gardamar ita ce ta mamaye zaɓen 1896, wanda in aka bi diddigi...

Mai gabatarwa: Malam, Allah ya gafarta, zaɓen mu ajiye shi zuwa wani makon. Wahala aka tambaya.

Malam: Ai ita nake nufa. Mutane na cikin wannan ƙunci, sai a watan Yuli 1897 jiragen ruwa biyu suka iso, ɗaya San Francisco, ɗaya Seattle. Mahaƙa suka sauko da zinare a akwatuna da gwangwanaye da ƙunshin bargo. Jarida ta buga cewa tan guda na zinare ya iso. Shi ke nan gari ya ruɗe. Malamin makaranta ya bar aji, ɗan sanda ya ajiye kaki, shi kansa magajin garin Seattle ya yi murabus ya bi ayari. Akasarinsu ba su taɓa riƙe diga ba. An ƙiyasta mutum 100,000 suka kama hanya. Waɗanda suka isa Dawson, garin da ke bakin wurin haƙar, 30,000 ne zuwa 40,000. Waɗanda suka samu zinare wajen 4,000. Waɗanda suka yi arziki na gaske kuwa 'yan ɗaruruwa ne.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda mai tuƙi da mai girki. Dubu ɗari suka tashi. Ko rabi ba su isa ba. Wajen dubu huɗu suka ga zinare. Masu arziki 'yan ɗaruruwa. To sauran fa, me ya tsayar da su?

Malam: Kaya, Hajiya. Kaya da tsauni. Hukumar Kanada ta ga in aka bar mutane suka shiga hannu rabbana yunwa za ta gama da su, domin wata bakwai zuwa takwas kogi a daskare yake, jirgi ba ya zuwa. Sai aka kafa doka: ba mai shiga sai da abincin shekara guda. Abincin kaɗai ya haura kilo 500, fulawa da wake da naman alade mai gishiri da sukari da busassun 'ya'yan itace. In aka haɗa da tanti da murhu da barguna da diga da shebur da zarto da ƙusoshi, ya kai kusan tan guda.

Mai gabatarwa: Wato kamar buhun siminti 18 zuwa 20.

Malam: Yawwa, kuma babu mota, babu titi. Jirgi zai sauke ka a Skagway ko Dyea, a gaɓar Alaska. Wani lokaci a kan laka za a zube maka kayan, in ba ka yi sauri ba ruwan teku ya dawo ya tafi da fulawarka. Daga Dyea akwai hanyar Chilkoot, kilomita 53 zuwa bakin tafki. Ba nisan ne matsala ba. Mutum kilo 25 zuwa 30 yake iya goyawa. Sai ya kai gaba kaɗan ya ajiye, ya dawo ya ɗauki wani, sawu 30 ko 40 kafin ya kwashe, sannan a sake daga sabon zango. Wasu wata uku suka yi a wannan 'yar hanya. Mai kuɗi yakan ɗauki 'yan dako, mutanen Tlingit, su ne suka san tsaunin tun kaka da kakanni, kuma sun san darajar aikinsu, farashi kullum hawa yake.

Can kusa da ƙoli akwai wurin da dabba ba ta iya hawa. Wasu masu wayo suka sassaƙa matakala kusan 1,500 a jikin ƙanƙara, suka ɗaura igiya, suna karɓar kuɗin hawa. Layi ɗaya ne, kanka na dab da dugadugan na gabanka, kowa a duƙe. In ka gaji ka fita layi, kana iya yin awoyi ba wanda ya buɗa maka ka koma. Ka isa sama, tsayin mita 1,067, ka ajiye kayan, ka kafa sanda a kai don ka gane naka in dusar ƙanƙara ta binne su, sannan ka zauna a kan wandonka ka sulalo ƙasa, ka sake ɗauka ka sake shiga layi. A can saman kuma 'yan sandan Kanada suna jira, suna duba kaya suna karɓar kuɗin kwastan.

Mai gabatarwa: Kai! Sau talatin. To a nan ne aka yi asarar rayukan da na Anka ya tambaya?

Malam: A nan ne, ranar 3 ga Afrilu 1898. An yi makonni dusar ƙanƙara na zuba, sai kuma iska mai ɗumi ta taso. 'Yan dakon Tlingit suka ce yau ba su hawa, suka gargaɗi mutane. Tsofaffin hannu ma suka faɗa. Amma wanda ya cinye kuɗinsa yana ganin kowace rana wani zai riga shi, ba ya jin kira. Tsaunin ya zaftaro. Fiye da mutum 60 suka rasu, an binne da yawansu a Dyea, kaburburan suna nan har yau.

Mai gabatarwa: Inna lillahi. 'Yan gari sun ce kada a hau, baƙi suka hau.

Malam: Ɗaya hanyar kuma, ta White Pass daga Skagway, an ce ta fi sauƙi saboda doki na iya bi. Sai mutane suka sayo dawaki, wasu tsofaffi, wasu ba a taɓa ɗora musu kaya ba, masu su ma ba su san ɗaurin kaya ba. Laka ce har ciki, ga duwatsu masu kaifi, ga ramuka. In layi ya tsaya, doki na iya wuni da kaya a bayansa ba a sauke ba. An ƙiyasta dawaki wajen 3,000 suka mutu, har aka koma kiran wurin hanyar matattun dawaki. Kin ga akwai wata hanyar ma da ake ce wa ta masu kuɗi, a zagaya ta teku a shigo ta bakin kogin Yukon, ba ɗaukar kaya. A 1897 mutum wajen 1,800 suka bi ta, 43 kacal suka isa kafin kogi ya daskare. Akwai kuma ta Edmonton, wadda 'yan kasuwar garin suka riƙa tallatawa. Wajen 1,600 suka bi, ko rabi ba su isa ba, wasu sai bayan shekara ɗaya da rabi.

Mai gabatarwa: To wanda ya tsallake tsaunin, ya huta ke nan?

Malam: Ina! Saura tafiyar ruwa, wajen kilomita 800. Yawanci kai za ka sare itace ka tsaga katako ka haɗa kwalekwalenka. Ana ɗora gungume a kan wani dandamali, mutum ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, suna jan dogon zarto. Na ƙasa garin katako na zuba masa a ido, ya rantse na sama ba ya ja, na sama ya rantse na ƙasa lilo yake da zarton. Aminai da suka taso gari ɗaya a nan suka ɓata. Ana ba da labarin waɗanda wajen rabon kaya suka tsaga kwalekwalen gida biyu, don kada ɗaya ya ci riba.

Mai gabatarwa: Su duka suka rasa ke nan. Allah ya raba mu da zuciya.

Malam: Amin. A ƙarshen watan Mayu 1898 ƙanƙarar tafki ta fashe, kwalekwale fiye da 7,000 suka tashi kusan lokaci guda, da ɗanyen katako, a hannun mutanen da wasunsu ba su taɓa riƙe filafili ba. A Miles Canyon kogin yana matsewa tsakanin duwatsu, gabansa kuma ga mahaukacin ruwan Whitehorse. Da yawa suka kife, aka yi asarar rayuka. Sai shugaban 'yan sandan yankin, Sam Steele, ya sa doka: a duba kowane kwalekwale, ƙwararre ne zai tsallakar da shi, mata da yara su sauka su zagaya ta tudu. An kuma sa wa kowane kwalekwale lamba, aka rubuta sunayen mutanen ciki, don in an tsinci tarkace a san gidan da za a aika wa takarda.

To ga inda zancen yake, Hajiya. Sun isa Dawson a watan Yuni da Yuli 1898. Yaushe na ce an ga zinaren?

Mai gabatarwa: Agustan 1896.

Malam: Kusan shekara biyu. Cikin makonnin farko mahaƙan da dama suke zaune a yankin, irin na garin Forty Mile, sun riga sun kakkafa turaku a rafukan Bonanza da Eldorado, duk wuri mai kyau yana da mai shi. Zinaren da aka gani a jirgi a Seattle daga waɗannan ramukan ya fito. Wanda ya karanta a jarida, tun ranar da ya karanta ya makara. Sai ka ga mutum ya kawo tan guda na kaya a bayansa, ya baje su a bakin kogi yana sayarwa da araha don ya samu kuɗin jirgin komawa. Wasu suka zama leburori a ramin wani.

Mai gabatarwa: Zan sake faɗa, don wannan ce amsar takardu da yawa. Kafin labari ya isa birni, filayen sun ƙare. Waɗanda suka sha wahalar matakala da kogi, akasarinsu sun tarar an gama rabo. Bari mu ji likita. Likita, barka da warhaka. Mai sauraronmu na Garwa ya ce, yaya sanyi ke kashe mutum, tunda an ce yana kaiwa digiri 50 ƙasa da sifiri?

Likita: Barka kadai Hajiya, ina gaida Malam. To, ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan abinci ne. Mutum ya yi wata da watanni daga wake sai burodi sai nama mai gishiri, ba ganye, ba lemo, ba tumatir. Jiki na buƙatar bitamin C, kuma ba ya iya ƙera shi da kansa. Bayan wata biyu zuwa uku sai kasala ta fara, dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, ƙafafu su yi baƙi, tsohon rauni da ya warke ya sake buɗewa. Maganin kuma ba wuya, ɗanyen dankali, ko a dafa ganyen wani itacen wurin mai kama da allura a sha, abin da 'yan ƙasar suka daɗe da sani. Shi ya sa kullum nake ce wa mutanenmu, zogalen nan da ake rainawa, da yakuwa, da gwaba...

Mai gabatarwa: Likita, zogale ya samu talla kyauta. Sanyi aka tambaya.

Likita: Zan zo kansa. Amma ki bar ni in faɗi taifod, don ta kashe mutane sosai a bazarar 1898. A fadama aka gina Dawson, ƙarƙashinta ƙasa ce daskararriya, ƙazanta ba ta nutsewa. Dubban mutane, ba magudana, ba masai na kirki, ana sha daga ruwan da ke kusa. Taifod da atini suka ɓarke. Akwai wani limamin Katolika, William Judge, da ya buɗe asibiti yana jinyar mutane dare da rana, shi ma ciwon huhu ya kashe shi a Janairun 1899.

Shi kuwa sanyi, hanya biyu yake bi. Ta farko, jiki yana janye jini daga yatsu da hanci da kunne don ya kare zuciya, sai naman wurin ya daskare. Mutum ba ya jin zafi, wurin dai ya yi fari ya mutu, ƙarshe a yanke. Ta biyu, ɗumin jiki gaba ɗaya ya sauka. A fara da karkarwa, sai magana ta rikice, sai barci mai daɗi ya zo, daga shi ba a tashi. Babban abokin gaba shi ne jiƙa. Ka yi gumi da kaya a baya, ka tsaya hutawa, gumin ya daskare a jikinka. Ko ƙafarka ta burma cikin ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara, in ba ka hura wuta nan take ba, ƙafar ta tafi. Giya kuma da suke sha wai don ɗumi, yaudara ce, ƙara fitar da ɗumin take yi.

Mai gabatarwa: Mun gode Likita. Malam, a gurguje, wani daga Jos, ya ce kakansa ya yi aikin kuza, yana tambaya yaya ake haƙa ƙasar da ta daskare?

Malam: Da wuta. A tara itace a hura da dare, da safe ƙasa ta narke kamar taku ɗaya, a kwashe da bokiti, a sake hurawa. Haka har a kai taku 15 zuwa 30 inda zinaren yake kwance. Hayaƙin da ke taruwa a ramin kan shaƙe mutum. Ƙasar da aka fitar kuma sai a tara ta tsibi, a jira ruwa ya narke a wanke. Sai a lokacin za ka san ko aikin wata shida ya haifi wani abu. In ya haifa, gwamnati na da kashi 10 cikin 100. Ga tsada: akwai lokacin da ƙwai ɗaya ya kai dala 3. Ga gobara, gari duk katako da murhu, ta watan Afrilu 1899 kaɗai ta ci gine-gine fiye da 100. A hunturun farko ma da aka ji tsoron yunwa, gwamnatin Amurka ta sayo wani irin barewar ƙasashen sanyi fiye da 500 daga Norway don kai agaji. Ba su isa ba sai bayan kusan shekara, mafi yawansu sun mutu a hanya.

Mai gabatarwa: Agajin gwamnati ke nan, ban ce komai ba. Wata ɗaliba daga Zariya ta ce, an ce rana ba ta faɗuwa a can, yaya Musulmi zai yi azumi? A Dawson, a watan Yuni hasken rana kan kai wajen awa 21, a Disamba kuma wajen awa 4. Batun azumi kuwa ba huruminmu ba ne, mun miƙa wa filin malaman addini. Wani kuma daga Kano, Kantin Kwari, ya ce akwai 'yan damfara? Alhaji, kai da tambaya, inda kuɗi suke ai ba a rasa su.

Malam: Akwai shahararre a Skagway, Soapy Smith. Ya buɗe ofishin tangaraho, ka biya dala 5 a aika wa iyalinka saƙo. Alhali wayar ba ta zuwa ko'ina, tangaraho bai iso garin ba sai 1901. Yaransa kuma suna shiga cikin baƙi, wani da shigar limami, wani da ta ɗan jarida, suna gano mai kuɗi. Ranar 8 ga Yuli 1898 aka harbe shi a bakin tashar jiragen ruwa, bayan yaransa sun yi wa wani mahaƙi fashin zinarensa.

Mai gabatarwa: To ga takardar da na ajiye a gefe, daga Agadas. Ya ce a sakaya sunansa. Ƙanensa na son sayar da babur ɗin da yake ci da iyali da shi ya tafi tonon zinariya a sahara, yana so Malam ya faɗa masa ko labarin Klondike ya yi kama da namu.

Malam: Ba zan ce ɗaya ba ne. Can sanyi ne, nan ƙishirwa ce da zafi da 'yan fashi. Kuma ba za a musa ba, da aka gano zinare a Djado a 2014 akwai waɗanda suka gina gidaje suka sayi motoci, har gwamnatin Nijar ta rufe wurin a 2017. Akwai kuma nau'in haɗarin da su can ba shi ne ya dame su ba. A Zamfara a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, saboda a cikin gida ake daka dutsen. A Ɗan Isa, jihar Maraɗi, rami ya rufta a Nuwamban 2021, aƙalla mutum 18 suka rasu. Inda suka yi kama shi ne wa ke cin riba ta tabbas. A Klondike 'yan kasuwar Seattle da suka sayar da tanti da fulawa sun ci. Mai gidan abincin da muka ambata ɗazu ya ci. Wata mata Belinda Mulrooney ta shigo da yadi da kayan sawa, ta buɗe gidan abinci, ta gina otal, ta zama cikin manyan attajiran Dawson. Shi kuwa Alex McDonald, da ake kira sarkin Klondike saboda yawan ramukansa, a 1909 ya mutu ba shi da komai. A Djado ma a tambayi masu tankar ruwa da masu motocin haya da masu sayar da na'urar gano ƙarfe.

Mai gabatarwa: Ni dai ra'ayina, kuma nawa ne ba na tasha ba, kada ya sayar da babur. In ya matsa sai ya je, to ya samu wanda ya je ya dawo hannu wofi ya zauna da shi, ba mai sabuwar mota kaɗai ba. Ya tambayi nawa ake sayar da jarkar ruwa, wa ke da ramin, kashi nawa ne na mai tono, kuma in an ji ciwo ina ne asibiti mafi kusa. Kai kuma yaya, ka yi masa magana da lalama, faɗa ba ya hana matashi tafiya, sai dai ya tafi bai yi sallama ba.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini yatsu biyu. Malam, jimla ɗaya-ɗaya. Daga Yamai: 'yan asalin wurin fa?

Malam: Mutanen Hän da ke kamun kifi a bakin kogin an tashe su zuwa wani wuri da ake kira Moosehide, farauta ta lalace, cututtukan baƙi suka kashe da yawansu.

Mai gabatarwa: Daga Sakkwato: yaya abin ya ƙare?

Malam: A 1899 aka ji an ga zinare a yashin bakin teku a Nome, can Alaska, dubbai suka bar Dawson suka nufi can. A 1900 aka gama layin dogo ta White Pass, ba a ƙara buƙatar matakalar ba, Dyea ta zama kufai. Daga baya manyan kamfanoni suka saye filayen suka kawo injuna.

Mai gabatarwa: Jimla uku ke nan Malam, amma na yafe. Ta ƙarshe daga Katsina: har yanzu akwai zinare a can, kuma yaya ake samun biza? Akwai, ana haƙa har gobe, da katafila da lasisi. Biza kuwa, ɗan'uwa, ba a nan ake bayarwa ba. Mutumin Kumasi, sauran tambayoyinka shida suna nan, ka sake aiko su ɗaya-ɗaya da manyan baƙaƙe. Malam, Likita, mun gode. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ga labarun duniya nan tafe.